Wasiƙa Ga Masu Ƙirƙirar Wasannin Bidiyo: A Fito Da Ramsis Daga Likkafani

Ya ku marubuta labari, masu zane da masu tsara wasannin bidiyo,

Wannan wasiƙa kan mutum guda take, Ramsis na Biyu, wanda ya mulki Masar shekara 66, daga 1279 zuwa 1213 kafin Miladiyya, da irin kamannin da kuke ba shi duk sanda kuka sa shi a gem. Kuna yawan ɗauko shi kuwa. A Civilization V na 2010 shi ne shugaban Masar, yana zaune kan gadon mulki yana magana da Larabci, harshen da bai kafu a ƙasar ba sai bayan fiye da shekara 1,800 da mutuwarsa. A Fate/Grand Order na Japan, saurayi ne mai suna Ozymandias da ke jefo wa abokan gaba dala daga sama. A The Curse of the Pharaohs, ƙarin da kamfanin Ubisoft ya yi wa Assassin's Creed Origins a watan Maris na 2018, jarumi Bayek ya je birnin Tibis, wato Luksor ta yau, ya tarar fir'aunoni suna tasowa daga kabari: Nefertiti, Akhenaten, Tutankhamun da Ramsis. Aikin mai wasa shi ne ya kauce, ya kai sara, ya sake kaucewa, har jinin bos ya ƙare.

Gem ɗin ya yi kyau, kuma wanda ya taɓa yawo a gonakin lahirar da aka zana a cikinsa ba zai musa ba. Abin da ke da ciwo shi ne, cikin sarakunan zamanin dā kaf, kaɗan ne suka bar bayanai masu yawa kamar Ramsis. Ga bangwaye cike da rubutunsa, ga wasiƙunsa, ga takardun ma'aikatansa, ga gawarsa ma ana iya gani. Duk da haka abin da aka fi ɗauka daga wannan tarin dukiya shi ne hula, gemun ƙarya da tsinuwa.

Ita tsinuwar ma 'yar jiya ce. Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun a watan Nuwamba na 1922. A watan Afrilu na 1923 Lord Carnarvon, wanda ya ɗauki nauyin haƙar, ya mutu a Alƙahira bayan cizon sauro a fuskarsa ya zama gyambo. Jaridun Turai suka yi caa, suka ce fir'auna ne ya ɗau fansa, alhali ba a sami rubutun tsinuwa ko ɗaya a kabarin ba, Carter kansa kuma ya rayu har 1939. Fim ɗin The Mummy na 1932 ya ƙara wa labarin gishiri. Don haka duk gawar da kuka tayar tana tafiya da tsumma, gadon 'yan jaridar Landan da masu fim na Amurka kuka ci, Misirawan dā ba su bar muku wannan ba.

Ga abin da suka bari. A shekara ta biyar ta mulkinsa, wajen 1274 kafin Miladiyya, Ramsis ya fita da runduna huɗu masu sunayen gumakan Masar, Amun, Ra, Ptah da Set, ya nufi garin Kadesh a Siriya don ƙwace shi daga hannun Muwatalli, sarkin Hittiyawa. A hanya aka kawo masa makiyaya biyu, suka ce ai Hittiyawa sun ji tsoro, suna can nesa wajen Halab. Sarki matashi ya yarda. Ya yi gaba da rundunar Amun, ya bar sauran a baya, ya kafa sansani kusa da garin. Sai aka kama wasu 'yan leƙen asiri biyu, aka jibge su da sanda, suka faɗi gaskiya: dakarun Muwatalli suna laɓe a bayan Kadesh. Kafin a yi wani abu karusan Hittiyawa, kowace ɗauke da mutum uku, suka ƙetare ruwa, suka tarwatsa rundunar Ra tana tsakiyar tafiya, suka afka sansanin sarki. Abin da ya cece shi, maharan sun shagala da kwasar ganima, kuma wata rundunar agaji ta iso daga bakin teku a daidai lokacin.

Ramsis ya koma gida, Kadesh ta ci gaba da zama a hannun Hittiyawa. Amma da ya isa sai ya sa aka sassaƙa labarin a bangwayen Karnak, Luksor, Abidos, Abu Simbel da Ramesseum, inda aka nuna shi kaɗai, dakarunsa sun gudu sun bar shi, yana karkashe mayaƙan karusa 2,500. Ya zama sarki, ya zama maroƙin kansa. Masu sassaƙar ba su bar ko ƙananan abubuwa ba: ga zakin sarki kwance a sansani, ga 'yan leƙen asirin ana dukansu, ga kuma sarkin Halab da ya faɗa kogi, mutanensa sun riƙe shi ƙafa sama kai ƙasa suna zazzage ruwan da ya sha.

Wace sana'a ce ta fi taku dacewa da wannan labari? Littafi sai dai ya faɗa, fim sai dai ya nuna, amma gem na iya sa mutum ya yi yaƙin da hannunsa, ya ji firgicin ganin karusai sun ɓullo, ya tsira da ƙyar, sannan a mataki na gaba a tsayar da shi gaban bango a matsayin magatakarda, a ce ya rubuta wa sarki nasara. Me zai cire, me zai ƙara, wa zai ɗora wa laifin gudu? Mai wasan da aka sa ya yi wannan zaɓi ya fahimci mulki fiye da wanda ya kashe gawa goma.

Bayan shekara 15 ko 16 da yaƙin Kadesh, wajen 1259, Ramsis da sabon sarkin Hittiyawa, Hattusili na Uku, suka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya. An samu rubutunta na ɓangaren Masar a Karnak, na ɓangaren Hittiyawa kuma a allunan yumɓu da aka tono a kufan Hattusa, cikin Turkiyya ta yau, daga 1906. Kwafinta na rataye a hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York. Daga nan wasiƙu suka riƙa kai da komo. Sarauniya Nefertari ta Masar ta rubuta wa sarauniya Puduhepa ta Hittiyawa tana kiranta 'yar'uwa. An yi ta jan ciniki kan kayan auren 'yar Hattusili, wadda Ramsis ya aura a shekara ta 34 ta mulkinsa. Akwai ma wasiƙar da ya amsa roƙon Hattusili na a aiko da likita ya taimaki 'yar'uwarsa ta samu haihuwa. Ramsis ya mayar masa cewa matar da ta kai hamsin, ko ma sittin, babu maganin da zai sa ta haihu, amma duk da haka zai turo likita da mai addu'a. A cikin wannan amsa guda akwai gatsali, akwai siyasa, akwai kuma kara. Idan kuna neman muryar da za ku sa a bakinsa, ga ta nan a rubuce, kuma ta fi duk wata tsawa da ake sa shi yi da murya mai amo.

Ku kuma waiwayi waɗanda suka yi masa aiki. A ƙauyen Deir el-Medina, yamma da Kogin Nilu, masu haƙa da zana kaburburan sarakuna suka zauna da iyalansu. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani ɓallin farin dutse daga shekara ta 40 ta mulkin Ramsis, rajistar fashin aiki ce. An jera sunayen ma'aikata da baƙin tawada, an rubuta dalilin fashin da ja. Wannan kunama ta harbe shi. Wancan ciwon ido. Wani ya tsaya dafa giya, wani yana shirya gawar mahaifiyarsa, wani kuma an aike shi ɗauko wa magatakarda dutse. Jikokin waɗannan mutane ne, a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a haikali saboda an jinkirta hatsin da ake biyan su da shi, yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Tsohon gem ɗin Pharaoh na 1999 ya gane wannan ɓangare, domin a cikinsa idan Nilu bai yi ambaliya mai kyau ba rumbu zai bushe, gini ya tsaya, mutane su kwashe kayansu su bar gari.

Haka kuma ku bar shi ya tsufa. Ya kai wajen shekara 90, ya haifi 'ya'ya kusan 100, ya binne magada da dama kafin ɗansa na 13, Merneptah, ya gaje shi shi ma yana dattijo. An gano gawarsa a 1881 a maɓoyar Deir el-Bahri, inda limaman dā suka ɓoye ta don gudun ɓarayi. A 1976 aka kai ta Paris don a kashe fumfunar da ke cin ta, aka tarbe ta da faretin girmamawa. Binciken likitoci ya nuna tsoho mai ciwon gaɓoɓi, haƙora sun lalace, gashi an rina shi da lalle. Bikin Heb Sed, wanda kuka ari sunansa kuka sa wa lahirarsa a The Curse of the Pharaohs, biki ne da sarki kan yi bayan shekara 30 a kan mulki, har da gudu a fili don ya nuna ƙarfinsa bai ƙare ba. Ramsis ya yi shi fiye da sau goma. Ku auna tsoho mai shekara 80 da ciwon baya, fadawa na kallo, 'ya'ya na ƙirga masa kwanaki.

Wajen zamani kuma, a daina cakuɗa. Tsakanin babbar dalar Giza da Ramsis akwai kusan shekara 1,300, tsakaninsa da Kiliyobatira kusan 1,200. Bai gina dala ba, a Kwarin Sarakuna aka binne shi, babban birninsa kuma Pi-Ramsis ne a gabashin bakin Nilu.

Akwai wuri guda da ke buƙatar taka-tsantsan na musamman. Miliyoyin masu buga gem ɗinku, Musulmi, Kirista da Yahudawa, sun fara jin sunan Fir'auna ne a ƙissar Annabi Musa (AS), kuma fina-finai sun daɗe suna liƙa wa Ramsis wannan matsayi. Alƙur'ani bai ambaci sunan wancan Fir'auna ba, Littafin Fitowa ma haka, masana kuma sun rarrabu a kai. Idan labarinku ya ratsa ta nan, ku bar shi a matsayin ra'ayi, kada ku yanke hukunci a madadin masu imani ko masu bincike.

Babu mai hana ku ƙirƙira, domin ita ce sana'ar. Roƙon shi ne ku nuna inda kuka canja. Ubisoft ta yi wannan a Discovery Tour na watan Fabrairu 2018, rangadi 75 a cikin Masar ɗin Origins ba tare da faɗa ba, inda har aka bayyana wa mai wasa cewa an nuna yara maza da mata suna karatu tare ne bisa zaɓin masu gem ɗin, ko da yake tarihi bai nuna haka ba. Ƙaramin kamfani ma zai iya yin irinsa da shafi ɗaya a ƙarshen kowane mataki: ga abin da bango ya ce, ga abin da allunan Hittiyawa suka ce, ga abin da aka ƙara don daɗin wasa. Kuma tun kafin a zana hular farko, ku nemi masana tarihi daga jami'o'in Masar da masu aikin haƙa a Luksor, ku biya su haƙƙinsu, ku sa sunayensu cikin jerin waɗanda suka yi aikin.