Daga Tsakar Gida: Iccen lallen kaka shi ma asusu ne

Ƴan uwa mata, ƴan asusun Lazaret da kewaye. Damana ta ƙarato, shi ya sa yau za mu ajiye zancen bashi da tara, mu yi maganar wani icce da ke ɓacewa daga gidajenmu ba tare da kowa ya ce uffan ba, wato lalle.

Kowace ta ƙirga a layinsu, gida nawa ne ke da iccen lalle a tsaye? A da, da wuya ka shiga gidan da tsohuwa take ba ka tarar da shi kusa da wurin alwala ko bayan ɗaki ba. Yau siminti ya rufe tsakar gida, an sare shi an gina ɗakin haya, mu kuma mun koma sayen garin lalle a ƙulle cikin leda, ba mu san wanda ya daka ba, ba mu san abin da aka gauraya a ciki ba.

Wasu ƙasashe ba su yi wa iccen kakanninsu haka ba. Ku ɗauki furen wardi. Masu lambu a Turai suna kiran duk irin da aka sani kafin 1867 da sunan tsohon wardi, don a shekarar ne aka fito da wani sabon iri a Faransa, wanda ya buɗe ƙofar wardin zamani. Na zamanin yana da babban fure da launi mai ɗaukar ido, amma da yawansa ƙamshi kaɗan gare shi, ga son lallashi. Tsohon kuwa yakan yi duhu kamar shinge, galibi sau ɗaya yake fure a shekara, amma in ya yi, ƙamshinsa har maƙwabta. A Maroko, a garin Kalat Maguna, irin wannan tsohon wardi ne ake dasawa a gefen gonaki. Cikin Afrilu da Mayu mata ke fita da sassafe su tsinke furen, a tatsi ruwan wardi da mai, kuma sai an tara fure fiye da ton 3 kafin a samu kilo ɗaya na man. Akwai ƙungiyoyin mata irin namu da ke ci da wannan sana'a.

To mu ma sai mu dasa wardin? Mai hali tana iya zuwa wurin masu lambun furanni na bakin kogi, wajen Yantala, ta saya. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: wardin Maroko sanyin duwatsu ya saba da shi, mu kuwa a Yamai zafin Afrilu yana wuce 40, ga ruwa da kuɗi, ko a hannun ga-ruwa ko a takardar pampo. Unguwar nan tamu ta taɓa zama sansanin mutanen da farin 1973 da 1974 ya koro, saboda haka ba sai an koya mana darajar abin da ke jure ƙishi ba. Wardinmu na gida shi ne lalle. Yana son rana, yana jure rani, yana daɗewa, kuma duk wadda ta taɓa wucewa kusa da shi da magariba lokacin da ya fitar da ƙananan fararen furanninsa ta san ba ya jin kunyar wani turare.

Kuma ba mu kaɗai muka san shi ba. A Indiya, garin Sojat da lalle ya yi suna, gonaki ne zalla ake nomawa ana kai wa duniya. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar lalle cikin jerin gadon da ya kamata duniya ta adana. Abin da wasu ke yi wa takarda, mu muna sare shi don mu samu wurin shanya.

Akwai kuma maganar lafiyar ƴaƴanmu. Lalle na gaskiya ja yake kamawa, ko ja mai duhu, kuma yana son a ba shi sa'o'i. Wannan baƙin da ke kamawa nan take, sau da yawa sinadarin rinin gashi ne a ciki, wanda ake kira PPD. Yana iya sa fata ta yi ƙaiƙayi, ta kumbura, ta yi bororo, ta bar tabo daidai siffar zanen, kuma jikin da ya taɓa ƙinsa yakan ci gaba da ƙinsa har tsufa. Amarya ana saura kwana biyu ɗaurin aure hannu ya tashi, wa gari ya waya? Wadda ke da iccenta a gida ta san abin da ta ƙunsa wa ɗiyarta. Sai dai ko lallen gida ne, kada a shafa wa jariri, don akwai yaran da jininsu ba ya ɗaukarsa.

Ga yadda ake dashen. A nemi tsohon icce wanda aka shaida lallensa yana kamawa, a roƙi mai shi reshe. Amfanin reshe a kan iri shi ne, abin da zai fito ɗan uwarsa ne sak, halinta zai ɗauko. A yanko wanda ya fara ƙwari, mai kaurin fensir, tsawon taƙi guda ko ya ɗan fi, da wuƙa mai kaifi. A zage ganyen ƙasa, a bar biyu ko uku a sama. A haɗa rairayi da tsohon takin awaki wanda ya huce, ba ɗanye ba, a zuba a leda ko gwangwani mai huji a gindi, a soka rabin reshen, a ajiye a inuwa. Ruwa kaɗan kullum, ƙasa ta yi laima, kada ta yi caɓi. A dasa uku ko huɗu lokaci guda, don ba duka ke kamawa ba. In sabon toho ya fito ya yi ƙarfi, sai a mai da shi inda zai zauna, wurin da rana ke samunsa sosai. Farkon damana ya fi, sama ce za ta ɗauke mana rabin wahalar.

Abokan gabarsa a shekarar farko biyu ne: akuya da ruwan wanki. A kewaye shi da ƙaya ko tsohuwar raga. Ruwan omo da na jabel a zubar can nesa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun ishe shi, shi ya sa iyayenmu ke dasa shi inda buta take.

Masu zaman haya, mun san abin da za ku ce: in dasa, gobe mai gida ya ba ni sallama? A samu rabin tano, a huda gindinsa, a dasa a ciki. Ranar tashi a ɗora shi a amalanke tare da gado da tukwane.

Sai aski. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka ƙyale lalle, sai ya yi tsawo, ganye ya ragu, tsofaffin rassan su yi tsini kamar ƙaya. In ya kai ƙugu a datse kansa, zai yi rassa ya cika da sabon ganye, kuma ganyen toho ya fi tsohon kamawa. Amma iccen da ake yawan askewa ba ya samun damar fure. Don haka mai wuri ta dasa biyu, ɗaya na ganye, ɗaya a bar shi ya yi fure, gida ya yi ƙamshi, a samu iri. Ganyen kuma a shanya a inuwa don ya riƙe korensa, a daka, a tankaɗe da lallausar rariya, a rufe a kwalba inda rana da laima ba sa kaiwa.

Yanzu ga shawarar da muke son kowace ƙungiya ta tattauna a zama mai zuwa. Tsarin Mata Masu Dubara a ƙasar Maraɗi ya fara a 1991, da ɗan abin da mata ke iya zubawa kowane sati, yau ga shi ya bazu ƙasashe da yawa. Mu yi wa lalle irin wannan dubara. Magatakarda ta buɗe shafi guda a bayan littafi. A rubuta gidajen da har yanzu ke da tsohon icce. Duk wadda ta karɓi reshe biyu, bashi ta ci, baɗi za ta biya huɗu ga wasu mata. Ƙungiya mai mata 25, in rabin dashen kaɗai ya kama, ta samu icce 25 ba tare da an taɓa ko dala a akwati ba.

Ba za mu ce muku lalle zai sai muku fili ba. A shekarar farko ma kusan babu abin tsinka. Amma daga baya, kuɗin ƙunshin Salla biyu da na biki da na suna ya zauna a lalitarki, rarar kuma ki ƙulla ki sayar wa masu zane, waɗanda kullum suke neman garin da za su amince da shi. Da yayyafi kogi kan cika.

Abu guda ne ba ya jira. Yawancin iccen da suka rage a hannun tsofaffi suke, kuma ranar da aka raba gado ko aka sayar da gida, gatari ne ke fara shiga. Wadda ta san gidan da ke da shi, ta je cikin satin nan ta gaida Inna, ta roƙi reshe, ta kuma zauna ta ji yadda take kwaɓa nata.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa albarka a asusunmu. Sai wata na gaba, in Allah ya kai mu.