Bitamin D Da Yara Masu Galahanga: Kafin A Je Kemis

 

A makon jiya wata ɗaliba 'yar aji biyar na sakandare ta aiko mini da saƙo. Ƙaninta mai shekara shida yana da lalurar galahanga. Bai fara magana sosai ba, ba ya son haɗa ido da mutane, kuma in aka sauya masa abin da ya saba sai ya rikice. An turo wa mahaifiyarsu wani bidiyo a WhatsApp mai cewa ƙwayar bitamin D tana warkar da lalurar cikin wata uku, har an ba ɗalibar kuɗi ta je kemis. Tambayarta ita ce, "Malam, in sayo?"

Na ga ya dace in amsa a nan, domin a gidaje da yawa ku ne kuke karanta wa iyaye abin da ya shigo waya, ku ne kuma ake aika kemis.

Galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take girma, wanda yake shafar magana, mu'amala da ɗabi'a. Gado yana da babban hannu a ciki. Ba sakacin uwa ba ne, ba kuma a ɗaukarta wurin wasa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da ita, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu don wayar da kai a kanta.

Shi kuwa bitamin D, fatarmu ce take ƙera mafi yawansa idan hasken rana ya taɓa ta. Ana samun sa kuma a kifi mai maiƙo irin su sadin da titus, da gwaiduwar ƙwai, da hanta. Babban aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da yake gina ƙashi. Idan ya yi ƙaranci sosai, ƙashin yaro yakan yi laushi har ƙafafu su lanƙwashe.

To ina haɗinsu? Masu bincike sun lura cewa yara masu galahanga sukan kasance da ƙarancin bitamin D a jini fiye da tsaransu. A 2008 wani likita ɗan Amurka, John Cannell, ya kawo hasashen cewa ƙarancin yana da hannu a lalurar. Amma ku da kuke ajin kimiyya kun san cewa ganin abubuwa biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Yaron da abinci kala biyu ko uku kawai yake yarda ya ci, wanda kuma ake kulle shi a ɗaki saboda tsoron kada ya ɓata ko don gudun bakin mutane, dole bitamin D ɗinsa ya yi ƙasa. Wasunsu kuma suna da farfaɗiya, kuma akwai magungunan farfaɗiya da suke rage bitamin D a jiki. Kenan lalurar ce kan iya jawo ƙarancin.

Hanyar raba gardama ita ce gwaji: a raba yara gida biyu, a ba wasu bitamin, a ba wasu ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da kowa ya san wanda ya samu wanne ba. An yi irin wannan a Masar, aka ce an ga sauƙi sosai, labarin ya zagaye duniya. Sai dai a 2019 mujallar da ta buga binciken ta janye shi saboda matsalolin da aka gano a alƙalumansa. Wani gwajin da aka yi a Ayalan, aka buga a 2017, bai ga wani sauyi a manyan alamomin lalurar ba. Na ƙasar Niyu Zilan ya ga ɗan raguwar saurin fushi da rashin zama wuri ɗaya, amma yaran ba su da yawa. Har yau babu gwajin da ya nuna bitamin D yana warkar da galahanga. Bidiyon WhatsApp ba zai gaya muku an janye binciken Masar ba.

Wani zai ce, "Ai bitamin ne kawai, in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba." A nan ne haɗarin yake. Bitamin D ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, taruwa yake yi a jiki. Abin da yaro ɗan shekara ɗaya zuwa sama yake buƙata a rana shi ne awo 600 na ma'aunin IU da ake rubutawa a jikin kwalba, alhali akwai ƙwayar da guda ɗaya take ɗauke da 50,000. Idan ya yi yawa, kalsiyam yakan cika jini, sai amai, ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida, har ya taɓa ƙoda. A 2016 likitoci a Landan sun ba da rahoton wani yaro ɗan shekara huɗu mai galahanga da aka kwantar a asibiti bayan an yi ta ba shi kayan ƙarin gina jiki kala-kala, ciki har da bitamin D da kalsiyam da nonon raƙumi. Ku tuna kuma, yaron da ba ya magana ba zai iya cewa cikinsa na ciwo ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Akwai darasi ma daga gida. Wani bincike da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa yaranmu masu lanƙwasassun ƙafafu sun fi samun sauƙi da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Ko a ciwon ƙashi, sai an auna ake sanin abin da ya rasa.

Don haka amsata ga ɗalibarmu ita ce: kada ki sayo tukuna. Ki roƙi Mama ku kai shi wurin likitan yara, ku faɗi abin da yake ci da magungunan da yake sha. In likita ya ga akwai ƙaranci, zai rubuta adadin da ya dace da kuma tsawon lokacin sha. Wannan zai amfani ƙashinsa da lafiyarsa, ko da bai sauya maganarsa ba.

Abin da aka tabbatar yana taimakon irin waɗannan yara shi ne koyarwa da wuri: horon magana, amfani da hotuna wajen nuna buƙata, da tsarin yini wanda ba ya yawan sauyawa. A nan yaya ta fi ƙwaya amfani. Ki fita da shi tsakar gida da hantsi ku yi wasa. Ki riƙa kiran sunan abin da ya nuna. In 'yan unguwa sun tsokane shi, ki tsaya masa.

Aikin gida na wannan mako: duk saƙon magani da ya shigo wayarku, kafin ku tura gaba ku tambayi kanku wa ya yi gwajin, yara nawa aka gwada, kuma me mai saƙon yake sayarwa. Ku aiko mini da abin da kuka gano. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.