Idan Kwamfuta Ta Daskare Bayan Bincike

A wannan wata za mu duba matsalar kwamfutar da kan daskare da zarar manhajar rigakafi ta gama farautar bairos. Da yawanmu mukan ruga wurin mai gyara ya goge komai, makin ɗalibai da lissafin shago su salwanta. To, gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Da farko mu ba ta kamar minti 10, domin binciken yakan cinye ƙarfinta. In ba ta motsa ba, mu danna Ctrl da Shift da Esc tare, mu rufe manhajar da ta riƙe ta. In ta ƙi, mu danne maɓallin wuta har ta mutu, sannan mu kunna.

Na biyu, mu ƙirga manhajojin rigakafin da ke cikinta. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. In aka cusa biyu sai su yi ta kokawa kan fayil ɗaya. Mu cire guda.

Na uku, mai gadi ma yakan kama mai gida. A Afrilun 2010 manhajar McAfee ta ɗauki wani fayil na Windows XP a matsayin bairos, kwamfutoci masu yawa suka tsaya. A Windows 10 ko 11, mu riƙe Shift mu danna Restart, mu shiga Safe Mode, mu duba abin da aka killace. Kada mu maido da fayil sai mun tabbatar lafiyayye ne.

Kafin kowane bincike, mu kwafe takardunmu a filashi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.