Sharhi: Ɗaurin Dole Ga Direban Da Ya Tsere Wa 'Yan Sanda, Zai Dace Da Hanyar Potiskum?

A shekarar 2012 jihar Yammacin Ostireliya ta kafa dokar da ta ɗaure hannun alƙali. Direban da ya yi tuƙin ganganci yana tsere wa 'yan sanda zai sha ɗaurin aƙalla wata 6, idan kuma ya kashe wani ko ya ji masa mummunan rauni, wata 12 ne mafi ƙaranci, ba sassauci.

Duk wanda ya ga tirela maƙare da shanu tana barin Kasuwar Shanu ta Potiskum ran Laraba, ta nufi Legas ko Fatakwal, zai fahimci abin da ke jan hankali a irin wannan doka. Mota mai wannan nauyi ba ta tsayawa nan take, kuma idan direba ya kutsa shinge da gangan, jami'i da ɗan talla duk suna cikin haɗari.

Sai dai dokar ta ginu ne a kan tabbacin cewa wanda ya ɗaga hannu ɗan sanda ne na gaske. Direbobin wannan yanki ba su da wannan tabbaci. A watan Satumban 2013, a Benisheikh da ke kan hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, 'yan Boko Haram sanye da kakin soja suka tare hanya, suka kashe mutane fiye da 100. Waɗanda suka tsaya a ranar sun tsaya ne bisa biyayya. Ga kuma matsalar karɓar na goro, wadda ta sa Sufeto Janar Mohammed Abubakar ya ba da umarnin janye shingaye a 2012, amma ba a jima ba suka dawo. Ga mai ɗauke da dabbobi, kowace tsayawa cikin zafin rana asara ce, domin saniyar da ta faɗi a mota ba kasafai take kai wa Kudu da rai ba.

Wannan ba uzuri ba ne ga mai tuƙin ganganci. Abin lura shi ne, alƙali kaɗai ke iya bambance wanda ya gudu don ɓoye laifi da wanda ya gudu don tsoron ransa, kuma wannan ikon ne hukuncin dole ke ƙwacewa. Najeriya ta gwada hukuncin dole a dokar fashi da makami ta 1984, fashin bai ƙare ba.

Idan majalisa za ta duba batun, ya kamata ta taƙaita ɗaurin dole ga wanda ya kashe ko ya raunata mutum a shingen da aka tabbatar na hukuma ne. Sauran kuwa a rubuta lambar mota, a bi ta ƙungiyoyin NURTW da NARTO, waɗanda suka san direbobin da ke lodi a kasuwar, a kama mutum bayan ya sauke kaya.