Jini a cikin kaki ba jifa ba ne

Jama'a, ɓoye tarin jini yana kashe mana mutane. Mutum ya tofar da kaki ya ga jini, sai ya yi maza ya rufe da ƙasa, a ce jifa ne, a nufi boka ko mai tallan ƙwayoyi.

Sau da yawa tarin tibi ne, kuma ta iska yake yaɗuwa. Wanda ya ɓoye, matarsa da 'ya'yansa da suke kwana ɗaki guda su ne farkon kamuwa. Samarinmu masu dawowa daga haƙar zinariya a Djado su ƙara lura, ƙurar dutse tana lalata huhu, tana buɗe wa tibi ƙofa.

Tari ya wuce sati 2, ko ka ga jini ko ɗigo ne, je likita a auna kaki. Maganin tibi kyauta ne a Nijar, wata 6 ake sha. Kar a yanke don an ji sauƙi, ciwon yana dawowa ya ƙi jin magani. In kuwa jinin na zubowa da yawa, ba a jiran wayewar gari.

Mu ma mu daina ƙyamar mai tari. Gorinmu ne ke sa shi ɓoyewa.