Bututun rage ƙarar bindiga: Amurka na zaɓen mara nauyi, Maraɗi na da wata tambaya daban

Tun ranar 1 ga Janairun 2026, Ba'amurken da ke son sayen bututun da ake ɗaura wa bakin bindiga don rage ƙararta, wanda Faransawa ke kira silencieux, ba ya biyan harajin dala 200 da dokar 1934 ta ɗora masa. Shugaba Donald Trump ne ya sa hannu kan dokar da ta soke harajin, ranar 4 ga Yulin 2025. Rajista tana nan, sai an ɗauki hoton yatsun mai saye an bincika tarihinsa, amma kasuwa ta buɗe. Muhawarar masu ƙananan bindigogi a can ta koma kan nauyi: wane bututu ne bai cika rinjayar hannu ba, na alminiyom ko na titaniyom, gajere ko dogo. Hotunan wannan talla suna yawo a Facebook da TikTok, kuma ba sa tsayawa a kan iyaka. Matashin unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo yana iya ganinsu a wayarsa kamar yadda na Texas ke gani.

Da farko a gyara abin da sinima ta koya mana. Bututun ba ya kashe ƙara. Hiram Percy Maxim, wanda ya yi masa rajistar ƙirƙira a 1909, ya gina shi ne kan dabarar da ke cikin salansar mota: iskar da ke biyo harsashi ta ratsa ɗakuna ɗakuna, ta huce, kafin ta fito. Harbin ƙaramar bindiga yana kai wajen desibel 160. Bututun yana rage 20 zuwa 35, abin da ya saura kuwa har yanzu ya isa ya cutar da kunne. Wannan ne ya sa ƙasashe irin su Finlan da Norwe suke ɗaukarsa kayan kare kunnen maharbi, Faransa ma ta halatta shi ga mafarauta a Janairun 2018. Sai dai duk waɗannan ƙasashe ne da hukuma ta san bindigar wa ke hannun wa.

A jahar Maraɗi, makamin da ya hana mutane barci a gundumomin Madarunfa da Gidan Runji shi ne kalashinkof, ba ƙaramar bindiga ba. Harsashinta yana gudun fiye da mita 700 a daƙiƙa, ninki biyu na gudun sauti, don haka ko an ɗaura mata bututu tsawar harsashin tana nan. Ɓarayin dajin da ke ƙetarowa daga ɓangaren Zamfara, Katsina da Sakkwato ma ba shiru suke nema ba. Ƙarar ita ce rabin makaminsu: su shigo bisa babura cikin dare, su yi ta harbi sama, gari ya watse, su kora shanu su tafi da wanda suka zo ɗauka. Ita wannan ƙarar kuma ita ce ƙararrawar talaka. Ƙauyen da ke maƙwabtaka ya ji, wani ya kira jandarmomi ko sojojin rundunar Farautar Bushiya, mata da yara su samu ƴan mintocin ɓuya. Mutumin Gabi ko Ɗan Isa ya san abin da mintoci biyar ke nufi.

To wa shiru zai amfana? Wanda ke son shiga gida ɗaya a cikin gari, ya gama abin da ya kawo shi, maƙwabci bai farka ba. A nan ne batun ya shafi birnin Maraɗi kai tsaye, garin alhazai da manyan ƴan kasuwa, inda har yau ciniki mai yawa da tsabar kuɗi ake yinsa. Tsibiri da Jiratawa kuwa, kowanne ƴar tafiya ce kaɗan da babur daga tsakiyar birni, suna tsakanin gari da karkara. Ƙaramar bindiga mai bututu mara nauyi, wadda ke ɓacewa cikin aljihun babbar riga, kayan aikin mai kisan ɗauki ɗai-ɗai ne da mai fashin cikin unguwa. Manomin da ke tsaron garkensa ba shi da abin yi da ita.

Dokar Nijar ba ta bar ƙofa a buɗe ba: farar hula ba ya riƙe bindiga sai da izinin ofishin ministan cikin gida. Amma ginshiƙin wannan tsari dokar 1963 ce, shekaru uku bayan samun ƴancin kai, zamanin da ba wanda ya yi tunanin za a riƙa odar kaya daga Dubai ko Sin ta waya. Hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai, wadda aka kafa a 1994 lokacin tawayen arewa, ta yi aikin da ake tunawa da shi, musamman bikin ƙona bindigogi sama da dubu a Agadas ranar 25 ga Satumban 2000. Sai dai bindiga kowa ya san kamarta. Bututun ƙarfe mai tsawon taƙi ɗaya, a cikin kwalin kayan gyaran mota, jami'in duwan na Ɗan Isa zai iya juya shi a hannu ya mayar. A Amurka kanta hukumomi sun sha kama irinsa da aka shigo da shi da sunan matatar man mota. Kuma idan manyan kaya na iya wucewa, ƙanana fa? A 2017 kaɗai, kwastan ɗin Nijeriya sun kama bindigogi 2,671 a Legas, mafi yawansu daga Turkiyya.

Akwai kuma giɓin da siyasa ta buɗe. Yarjejeniyar CEDEAO kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006, ta hana shigo da makamai da harsasai da kayan da ke tattare da su sai da izinin musamman, ta kuma tanadi sanya lamba da musayar bayanai tsakanin ƙasashe. Nijar ta fice daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Ko mutum na goyon bayan ficewar ko a'a, iyakar Maraɗi ba da Mali take ba, da Nijeriya take, kuma Nijeriya tana cikin CEDEAO. A Satumban 2019 gwamnan Maraɗi na lokacin, Zakari Umaru, ya karɓi gwamnonin Katsina, Sakkwato da Zamfara a nan birnin don maganar tsaron iyaka. Irin wannan zama ya fi zama dole yau, musamman da yake maƙwabtan namu sun ɗauki hanyar damƙa wa ƴan sa-kai makamai: Katsina a Oktoban 2023, Zamfara a Janairun 2024. Bindigar da aka raba a Jibiya ba ta san inda iyaka take ba.

A ganina, abin da ya kamata hukumomi su yi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2001 kan bindigogi ta riga ta lissafa duk na'urar da ke rage ƙarar harbi cikin sassan bindiga. A ɗauki wannan ma'ana a rubuta ta ƙarara cikin umarnin da ake ba duwan da ƴan sanda, a nuna musu hoton abin, a sanar da kamfanonin jigilar kaya da ke tashoshin Maraɗi cewa ɗaukarsa daidai yake da ɗaukar bindiga. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa zai ƙara yawan kwalayen da ke ratsa iyakar, kuma ya kamata wannan umarni ya riga jirgin farko isowa.