Zare: Babban batir ba zai sa helikwaftarka ta ɗauki kaya ba

1/ Jama'a, lokacin furojet ya zo, kuma na sake ganin abin da nake gani duk shekara. Mutum ya sayi 'yar helikwafta mai rimot, ya rubuta a takarda wai zai gyara ta ta ɗauki lita 5 na maganin feshi. Ni ma na yi irin wannan bara, kuɗina sun tafi. Ku karanta kafin naku su bi sahu.

2/ Tawa irin wadda ake kira 450 ce, ta hannu na saya. Nauyinta da batir wajen giram 900, da'irar da farfelarta ke sharewa kuma faɗinta kamar santimita 70. Na ɗaura mata gorar ruwa ta rabin lita a ƙasa. Ta tashi kuwa! Abokai na ta ihu, ni har na fara jin kaina injiniya.

3/ Ba a yi minti uku ba inji ya ɗau zafi, jela ta fara juyawa, sai ga ta a ƙasa. Batirin ya kumbura kamar fanke. Kuɗin abincina na wata guda ke nan, wallahi.

4/ Duk wanda na faɗa wa, magana ɗaya ce: "Ai sai ka sa babban batir." Wani ya ce babban inji. Ni dai yanzu ra'ayina shi ne wannan shawara ce ta fi kowace cinye kuɗin ɗalibai, kuma ga dalilina.

5/ Helikwafta tana tsayuwa a sama ne don tana tura iska ƙasa. Matsalar ita ce wutar da take ci ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi. Ka ninka nauyi sau 2, wutar da ake buƙata don tura iskar sai ta ninka kusan sau 2.8. Gorata ta kai jirgin daga giram 900 zuwa 1,400, wato wutar ta kusa ninkawa biyu. Inji ɗaya, waya ɗaya, batir ɗaya. Dole wani abu ya ƙone.

6/ To ka ƙara batir. Shi batirin ba nauyi ba ne? Wanda ke cikin 450 ya kusa giram 200, kuma minti 5 zuwa 6 yake ba ka. Ka sa biyu, ka cinye kusan rabin kayan da kake son ɗauka tun ba ka ɗaura komai ba. Kamar ka ɗora wa jaki buhun dusarsa, sannan ka tambayi inda za a sa hatsi.

7/ Inda maganar take shi ne faɗin farfela. Farfela mai faɗi tana kama iska mai yawa ta tura ta a hankali, wannan ya fi arha a wuta a kan ka kama iska kaɗan ka yi ta watsa ta da ƙarfi. A lissafi, in ka ninka faɗin sau 2, wutar ɗaukar nauyi iri ɗaya tana raguwa da rabi.

8/ Sai dai ba a banza ake samu ba. Daga fiffike mai milimita 325 ka koma mai 360, abin da za ka rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Kuma sai ka canza giya ka rage gudun juyawa, ka tsawaita jela don kada babbar farfela ta sari ƙaramar ta baya. Duk wannan wahala, ribar giram ce, ba kilo ba.

9/ Ga abin da bidiyon YouTube ba sa faɗa mana: iskarmu. Alƙaluman da ke jikin kwali yawanci na iska mai sanyi ne a daidai teku. Kano tana sama da teku da kusan mita 480, ga zafin Afrilu yana kai 40. Haɗa biyun, kaurin iskar ya ragu da fiye da kashi 10 cikin 100. Jirgin da ya ɗauki kaya da asuba cikin hunturu zai iya ƙi da azahar a bazara. 'Yan Jos ku kuma tudu ne ya fi cinye ku.

10/ Wanda ke ganin wasa nake, ya duba Ingenuity, helikwaftar da NASA ta tayar a duniyar Mars ranar 19 ga Afrilu 2021. Nauyinta kilo 1.8 kacal, amma faɗin farfelarta mita 1.2, saboda iskar can kusan kashi 1 cikin 100 ce ta tamu. Ba su cika ta da batir ba. Sun rage nauyi, sun faɗaɗa farfela.

11/ Masu maganar feshi kuma, akwai jirgin da ke yin aikin da gaske. Yamaha RMAX, tun 1997 yake fesa gonakin shinkafa a Japan. Tanki biyu na lita 8 kowanne. Farfelarsa ta haura mita 3, kuma fetur yake sha. Ka auna wannan da tsuntsuwar da ke cikin jakarka.

12/ Na san za a ce ina kashe wa matasa gwiwa. A'a fa. Abin da ke kashe gwiwa shi ne ka ci bashi a gida, ka yi alkawarin lita 5, ranar gabatar da furojet ka tsaya da tarkace a leda. Kuma malamanmu ma da nasu laifin, don da yawa bidiyon tashi suke nema, ba wanda ke tambayar giram nawa, minti nawa, zafin inji nawa.

13/ Ni da za a tambaye ni, furojet mai kyau shi ne ka fara da sikelin kicin. Auna komai. Cire murfin ado da duk abin da ba ya aiki. Rataye kayan daidai ƙarƙashin sandar farfela, ba gaba ba, ba baya ba. Ƙara giram 50 a kowane gwaji, ka rubuta minti, ka taɓa inji bayan sauka. Ƙaramar kyamara da za ta nuna wa manomi inda ruwa ya kwanta a gonarsa ta fi tankin da ba zai tashi ba.

14/ Don Allah kuma ku daina gwaji a tsakar gida da yara kewaye. Bakin farfelar 450 yana iya gudun kusan kilomita 400 a awa, yanka yake yi, ba mari ba. Ku kuma tuna tun 2016 hukumar NCAA ta ce sai da izini ake tayar da jirgi mara matuƙi, kada ku je kusa da bariki ko filin jirgi ku jawo wa iyayenku magana.

15/ Tawa na gyara ta. Da asuba, da giram 150 a ƙasa, tana ba ni minti huɗu da ɗan wani abu, inji bai ƙona yatsa ba. Wanda ya samu fiye da haka da 450 ya turo hoton sikeli tare da bidiyon, zan sa a ƙarƙashin zaren nan da sunansa.